Yadda Za Ku Koya wa Yaro Mai Lalurar Galahanga Wanke Hannu

Galahanga (autism) lalura ce da ke shafar magana da mu'amala da mutane. Iyaye da malamai sun sha tambayata yadda za su koya wa yaro mai ita wanke hannu. Ga hanyar da na fi gamsuwa da ita.

1. Ku ɗauki hoto 5 da waya: jiƙa hannu, shafa sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa, gogewa.

2. Ku buga hotunan a takarda.

3. Ku manna su a jere kusa da buta, daidai idonsa.

4. Ku tsayar da lokaci ɗaya kullum, kamar kafin cin abincin rana.

5. Ku nuna hoton farko, ku ce "Jiƙa hannu." Kalma biyu sun isa.

6. Ku dakata daƙiƙa 5. Hattara, a nan aka fi yin kuskure: kada ku yi ta maimaitawa ko ku ɗaga murya. Yana sarrafa maganar ne a ransa.

7. In bai motsa ba, ku ɗora hannunku kan nasa a hankali, ku yi tare.

8. Ku yaba masa nan take.

Wani yaron ruwan sanyi ne ke firgita shi, wani ƙamshin sabulu. In ya janye hannu yana kuka, ku sirka ruwan ko ku sauya sabulun.

9. Ku riƙa rage taimako: daga hannu ku koma gwiwar hannu, sannan nuni kawai.