Yadda Ake Gwada Sautin Tsohon Bugun Faifan CD da Sabon Bugu

Kusan duk wanda na gani ya zauna gwada bugu biyu na faifai ɗaya, hanya guda yake bi. Ya sa tsohon ya saurari waƙa har ƙarshe, ya tashi ya cire, ya sa sabon ba tare da ya taɓa maɓallin ƙara ba, kafin minti ɗaya ya cika ya yanke hukunci cewa sabon ya fi. Murya ta matso kusa, ganga ta cika ɗaki. Wannan mutumin ƙara ya auna, bai kai ga ingancin sauti ba tukuna. Ni ma a nan na faɗi, shi ya sa zan daɗe a kan wannan matakin idan mun iso shi.

Kafin ka sa komai a na'ura, raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai bugu, wato aikin masana'antar da ta zuba roba ta fitar da faifan. Akwai kuma gyaran sauti na ƙarshe, wanda injiniya ke yi tsakanin tef na asali da faifan: ya ƙara kaurin sauti ko ya rage kaifinsa, ya matse shi, ya zaɓi tef ɗin da zai yi aiki da shi. Tun da Sony da Philips suka fito da CD a 1982 tsarinsa bai canza ba, ana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo bit 16. Lambobi ne zalla. Faifan da aka buga a Jamus da wanda aka buga a Japan, in dai gyara ɗaya aka ba masana'antun biyu, lambobi iri ɗaya ne a cikinsu. Bambancin da kunne ke ji, kusan kullum daga hannun injiniya ya fito.

Mataki na farko, juya faifan ka karanta shi. Shekarar da ke bayan kwali ba abin dogaro ba ce, sau da yawa shekarar fitowar kiɗan ce ba ta bugun da ke hannunka ba. Karkata gefen da ke sheƙi zuwa haske, ka dubi zoben da ke kewaye da ramin tsakiya. Za ka ga jerin haruffa da lambobi ƙanana, wani lokaci har da sunan masana'anta. Rubuta su daidai yadda suke, harafi bayan harafi. Nemi kuma ƙaramin rubutun da ya fara da IFPI. A 1994 aka soma sa shi, don haka faifan da ba shi da shi galibi kafin wannan shekarar aka buga shi. Idan ka ga an rubuta an yi shi a Jamus ta Yamma ko Japan kuma babu IFPI, mai yiwuwa ka riƙe ɗaya daga bugun farko-farko, domin a shekarun farko masana'antun ƙalilan ne, irin ta PolyGram da ke kusa da Hanover da ta CBS/Sony a Japan. Amurka ma sai 1984 ta samu babbar masana'antarta a Terre Haute. Da waɗannan lambobin ka shiga Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan bugun faya-fayai, ka gano ainihin bugun da kake da shi. Haruffa ukun nan da ake gani a kwali, AAD ko ADD ko DDD, hanyar da aka bi wajen ɗauka da haɗawa kawai suke faɗa maka. Kada ka ɗauke su makin inganci.

Daga nan ka kwafe duka biyun zuwa kwamfuta. Ba na yarda da gwajin da ake yi da cire faifai a sa wani, domin kunne ba ya riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan daƙiƙu, kafin tiren ya rufe ka riga ka manta abin da ka ji, sai tunanin abin da ka ji ya rage. A Windows yi amfani da Exact Audio Copy, a Mac kuma XLD. Duka kyauta ne. Ajiye su a FLAC ko WAV, kada ka kusanci MP3 a wannan aikin. Bari AccurateRip ya gwada kwafinka da na sauran mutanen da suka kwafi irin faifan. In ya ce daidai, ka san karce ko datti bai shiga sakamakon ba.

Yanzu gwajin da zai iya gama maka aikin cikin minti biyar. Buɗe waƙa ɗaya daga kowane bugu a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Faɗaɗa zanen sosai har ka riƙa ganin ɗigo-ɗigo, ka nemi wani bugun ganga mai tsini, ka ja ɗayan har tsinin biyu su hau kan juna daidai. Wannan jan dole ne, saboda masana'antu sukan bambanta da 'yan awo wajen inda sauti ya fara. Sai ka zaɓi ɗaya ka danna Invert don ya kifa, ka haɗa su wuri guda. Idan shiru ya fito, tsit babu ko motsi, to gyara ɗaya ne, ka rufe kwamfuta ka huta. Babu kunnen da zai ji bambanci tsakanin fayil biyu masu lambobi iri ɗaya. Wannan ne ma ya sa nake cewa kada ka yi gaggawar zuba kuɗi a faifan zinare ko SHM-CD ko Blu-spec saboda kayan da aka yi su da shi. Wasu daga cikinsu suna da daɗin ji ƙwarai, amma in ka bincika za ka tarar sabon gyara aka yi musu ko tef mai kyau aka samu. Gyaran kake saya. In gyaran ɗaya ne da na faifan da ke kan kantarka, kwali mai kyau kawai ka ƙara.

Idan kuwa ka ji sauran sauti bayan haɗawar, gyara biyu ne, kuma mun iso inda ake faɗuwa.

Kunnen ɗan Adam ba ya jin kowane sauti daidai a kowace ƙara. Idan ƙara ta yi ƙasa, sauti mai kauri da mai kaifi ne ke fara ɓacewa. Ɗaga ta kaɗan, sai su dawo, kiɗan ya yi kamar ya ƙara cika da haske. Abin da ke ruɗin mutum shi ne idan bambancin bai kai desibel 1 ba (desibel shi ne ma'aunin ƙara), ba ya ma gane cewa ƙara ce ta ƙaru. Cewa zai yi wannan ya fi fitowa fes. Ga shi kuma tun daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar wa zai fi ƙara. Faifai yana da rufin da lambobi ba sa wucewa, don haka hanyar ƙara ƙarfi ita ce a danne tsinin ganga, sannan a ɗaga komai sama har ya dafa rufin. Dubi zanen tsohon bugu na shekarun 1980 a Audacity, za ka ga tudu da kwari, tsini nan da can. Dubi na sabon, sau da yawa kamar bulo yake, sama a miƙe ƙasa a miƙe.

Na taɓa sayen sabon bugun wani faifai da na daɗe ina ƙauna. Daren farko na ji abubuwan da na rantse ban taɓa jinsu a tsohon ba, wata jita can baya a hagu, numfashin mawaƙin kafin ya shiga amshi. Na ɗauki tsohon na bayar kyauta. Bayan 'yan watanni na lura ba na iya kai sabon ƙarshe, ina kai waƙa ta huɗu ko ta biyar sai in ji kaina ya yi nauyi in rage ƙara, in sake ragewa, in kashe. Da na aro tsohon na kwafa na auna, sabon ya fi shi da kusan desibel 6. Na daidaita su na sake saurare. Jitar tana nan a tsohon, numfashin ma yana nan. Abin da babu a sabon shi ne dukan ganga, wanda a tsohon yake fitowa ya doke ka a ƙirji ya koma, a sabon kuwa ya lafe kamar an ɗora masa tafin hannu. Sai da na yi shekara kafin na sake samun irin wancan bugun.

Ga yadda ake daidaitawa. Kada ka yi da kunne, kada kuma ka yi da tsayin tsini, domin duka biyun suna iya taɓa rufi alhali ɗaya ya fi ɗaya ƙara nesa ba kusa ba. Sa waƙoƙin biyu a manhajar kunna kiɗa ta foobar2000, ka sa ya auna su da ReplayGain, kowace waƙa ita kaɗai ba faifan gaba ɗaya ba. Zai ba ka lamba ga kowace, tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da za ka cire. Kullum mai ƙarar ake saukarwa. In ka ɗaga mai sanyin, tsininsa zai bugi rufi ya fashe, ka ɓata abin da ka zo aunawa. Ka nufi kada bambanci ya wuce kashi ɗaya cikin goma na desibel. Bayan haka ina ƙara dubawa da murya, in sa wurin da mawaƙi ke rera shi kaɗai, in ga ko muryar tana tsaye a wuri ɗaya idan na sauya. Idan injiniya ya ƙara kauri sosai a ɗayan, awon na'ura yakan ɗan karkata, sai a gyara da hannu kaɗan.

Akwai tarko na biyu da ke cutar da tsofaffin faya-fayai, musamman na Japan na farkon shekarun 1980. Wasunsu an ɗaga musu kaifin sauti da gangan tun a masana'anta, har kusan desibel 10 a can ƙololuwa, aka sa alama a cikin faifan domin na'urar CD ta sauke shi lokacin kunnawa. Na'ura tana yin haka da kanta, amma kwafin da ka yi a kwamfuta yakan fito da kaifin nan yadda yake. Sai ka ji tsohon bugu siriri, yana tsira kunne, ka ce ai ga dalilin da ya sa aka sake gyara shi. Duba ko manhajar kwafi ta nuna alamar, ko da yake wani lokaci tana ɓoye inda manhajar ba ta leƙawa. In kana shakka, sa faifan a na'urar CD ta gaske. Idan can ya yi daidai, a kwamfuta kuma ya yi kaifi, ka gano matsalar, sai ka wuce da fayil ɗin ta manhajar SoX da umarnin deemph kafin ka gwada.

Sai saurare. Zaɓi gajerun wurare uku, kowane daƙiƙa 10 zuwa 15: inda murya take ita kaɗai, inda aka fi cika da kayan kiɗa, da wutsiyar waƙa inda sauti ke mutuwa a hankali. A na farko ka kula da harafin s, ko yana yanka kunne. A na biyu ka bi ganga, ka ji ko tana da sauran wurin tashi. Na ukun shi na fi so, domin a nan ake kama injiniyan da ya wuce gona da iri wajen goge shuuu ɗin tef. Ya goge shuuu ɗin, ya haɗa da amsa-kuwwar ɗakin da aka yi ɗaukar, sai wutsiyar ta yanke kamar an rufe ƙofa. Ni dai ɗan shuuu bai taɓa damuna ba, alama ce cewa ba a taɓa tef ɗin da yawa ba. Yi amfani da abin sauraron kunnen da ka saba da shi. Ba ka buƙatar sabo, wanda ka san halinsa ya fi wanda ka aro jiya.

Kuma kada ka san wanne ke tafiya. Sa ƙarin ABX a foobar2000, zai ɓoye maka sunayen, ya kira bugu biyun A da B, ya riƙa kunna ɗaya da sunan X yana tambayarka A ne ko B. Yi sau 16. In ka ci 12 ko fiye, da wuya a ce sa'a ce, don damar yin haka da cinke ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. In ka tsaya a 8 ko 9, ba ka jin bambancin, ko da zanen ya nuna akwai shi. ABX dai ji kawai yake tabbatarwa. Wanda ya fi daɗi kuwa, sai ka saurari faifan gaba ɗaya a ƙara daidaitacciya, yau wannan gobe wancan, ka ga wanne kake kaiwa ƙarshe ba tare da hannunka ya nufi maɓalli ba.

Lambar DR, wato awon tazarar da ke tsakanin tsinin sauti da matsakaicin ƙararsa, da mutane ke yawan kafa hujja da ita tana da amfani wajen nuna yawan matsi, 12 zuwa sama galibi a sake yake, 6 ko 7 an danne shi. Amma ba ta san ko tef ɗin na asali ne ko kwafin kwafi ba, kuma an yi tsofaffin faya-fayai da dama daga kwafin da aka shirya don faifan garmaho, suna da DR mai kyau da sauti dushe-dushe. Irin waɗannan sabon gyara na hankali yana iya fin su. Ka kuma tabbata sabon ba sake haɗawa aka yi ba, in ka ji jita ta koma dama daga hagu ko wata murya da babu a da, wannan wani aiki ne dabam, ba a gwada shi da tsohon ta wannan hanyar. Rubuta lambar zobe, tazarar desibel, da sakamakon ABX a takarda ka sa cikin kwalin kowane faifai, kuma kada ka rabu da tsohon sai ka yi wata guda kana sauraren duka biyun.