Yadda Ake Shirya Zuciya Kafin Ranar Matsi

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ƙofa yana jiran a kira shi ganawar neman aiki, ko ya miƙe zai yi magana gaban taro, ya san abin: gaba na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, abin da aka haddace jiya ya gudu. Wannan ba ragwanci ba ne. Wasu ƙananan gaɓoɓi ne a saman ƙoda ke sakin sinadaran adirenalin da kotizol, su hanzarta bugun zuciya, su tura jini cikin tsoka. Jiki bai san bambancin zaki da maigidanka na ofis ba. Fargaba daidai gwargwado tana ƙara kaifin hankali, sai ta yi yawa take ɓata aiki. Don haka ba korarta za ka yi ba, linzami za ka sa mata.

Na farko, kalli ranar a zuciyarka tun kafin ta zo, har da inda za ta kwaɓe. Nan ne yawancin mutane ke kuskure, sai su hango tafi da yabo kawai. A gasar Olamfik ta 2008 a Beijing, ruwa ya cika tabarau na ɗan ninkayar Amurka Michael Phelps ana tsakiyar tseren mita 200, har ya daina gani. Bai tsaya ba. Ya ci gaba yana ƙirga bugun hannunsa, don ya san adadin da zai kai shi bango, ya ci zinare, ya kuma kafa sabon tarihi. Kocinsa Bob Bowman ya daɗe yana sa shi hango tseren a ransa, da irin tangarɗar da ka iya tasowa. Kai ma zauna na minti biyar, rufe ido, ka ga ɗakin, ka ji tambayar da kake tsoro, ka ga kwamfuta ta ƙi kunnuwa.

Na biyu, kowace tangarɗa ka yanke mata hukunci yanzu. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi fice da wannan dabara ta "idan kaza, to kaza". Idan na manta abin da zan faɗa, zan kurɓi ruwa in duba takardata. Idan wani ya ɗaga mini murya, zan yi shiru sai ya gama. Uku ko huɗu sun isa. Amfaninsu shi ne, lokacin da kai ya ɗau zafi ba sai ka yi sabon tunani ba.

Na uku, gwada da baki, a tsaye, da agogo. Karatu a zuci yaudara ne. Komai yana tafiya sumul har sai harshe ya ɗauka. In ka samu aboki mai taurin kai da zai riƙa katse ka, ka yi dace.

Daren ranar kada ka ƙara sabon abu. Ka guji kofi da yamma, domin rabin kafeyin ɗinsa, sinadarin da ke hana barci, na nan a jini bayan kusan awa biyar.

Na huɗu, in lokaci ya ƙarato, ɗauki biro ka zazzage damuwarka a takarda na minti goma. A 2011 Sian Beilock da Gerardo Ramirez na Jami'ar Chicago sun nuna cewa ɗalibai masu fargaba da suka yi haka kafin jarrabawa sun fi samun maki. Ni da farko na ɗauka tone-tonen zai ƙara tayar da hankali, ashe abin da aka sauke a takarda ya rage cin wuri a ƙwaƙwalwa.

Sai numfashi, minti biyu kafin a kira sunanka. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida ko takwas. Tsawon fitarwar ne ke rage gudun zuciya. Yi haka sau shida, sassauta kafaɗu, sannan ka maimaita jimlarka ta farko, ita kaɗai, wadda ka haddace kamar sunanka. Da ita za ka buɗe baki in ka shiga.