Kurakuran da ake yi wajen cajin batirin mota da tayar da ita

Duk shekara da sanyin Disamba ya kama, wayata ba ta hutawa daga an idar da sallar Asuba. Maganar ɗaya ce: "Malam, motar nan ta ƙi tashi, sai ƙas-ƙas take yi." Kowa sai ya ɗora wa hunturu laifi, alhali zafin Afrilu da Mayu ne ya riga ya cinye batirin, ya ƙafar da ruwansa, sanyi dai tona asiri kawai ya yi. Shi ya sa yanzu mutane da yawa suke shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a nan Kano su sayi cajarsu, wasu babbar nan mai tayoyi da ke caji kuma tana tayar da mota, wasu ƙaramar da ake sakawa a aljihun mota. Sayen ba laifi ba ne. Ni aikina gyaran wutar mota, kuma abin da nake gani shi ne yawancin ɓarnar da ake kawo mana ba batirin ne ya yi ta ba, wanda ya zo ceton batirin ne.

Zan fara da wanda ya fi ba ni tsoro, domin a gabana aka yi shi.

Wani yaro da ke koyon aiki a garejin da ke maƙwabtaka da namu ya jona batir a caji da magariba, ya ja ƙofar shago ya kulle. Wuta ta kwana ba a ɗauke ba. Da safe mai motar ya zo yana ta azalzala, zai kai yara makaranta. Yaron ya buɗe shago, bai kashe caja ba, ya sunkuya ya fizge maƙalin da ke kan batirin. Ƙarar da muka ji sai ka rantse tayar tirela ce ta fashe. Murfin batirin ya tsage gida uku, wani ɓallin ya huda silin. Allah Ya rufa asiri ya kawar da kai lokacin da yake fizgewa, ruwan ya same shi a wuya da kafaɗa. Rigar da ke jikinsa kuwa, kafin la'asar ta zama rariya.

Ga abin da ya faru. Cikin batirin mota akwai faranta na dalma da ruwan asid. Idan ana cajinsa, musamman in ya kusa cika, yana fitar da iskar haidirojin. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da ita. Shi kuwa tartsatsi, a wurin maƙali na ƙarshe da aka saka, ko na farko da aka cire, a nan yake fita. To duk dabarar ita ce kada wannan tartsatsin ya fita a kan batir.

Saboda haka kada ka soka caja a soket sai ka gama maƙala wayoyi. Ja a kan mai alamar +, sannan baƙi. Idan batirin yana cikin mota, baƙin kada ya hau kan batir, ka nemi ƙarfen inji wanda babu fenti ko maiƙo a jikinsa, nesa da batirin da kuma tiyon mai, ka maƙala a can. Sai ka je ka kunna. In an gama, ka kashe cajar, ka zare ta daga soket, ka ɗan ba shi mintuna iskar ta watse, sannan ka cire baƙi, ka cire ja. Kuma a yi caji inda iska ke kaɗawa, ƙarƙashin rumfa ko a tsakar gida. Na san ana tsoron ɓarayi, shi ya sa ake shigar da batir ɗaki a kulle. Na taɓa ganin wanda ya ajiye shi a ɗakin girki kusa da risho. Sigari, ashana, garwashin mai shayi, walda, duk a nisanta su.

Jan wuta daga wata mota ma haka ne, sai dai maƙalai huɗu ne. Ja a kan + na mataccen batir, ɗaya jan a kan + na mai rai, baƙi a kan − na mai rai, baƙi na ƙarshe a jikin injin motar da ta mutu. Cirewa kuma daga na ƙarshe ake farawa a koma baya. Kada jikin motocin biyu ya taɓa juna.

Kuskure na biyu shi ne yarda da launin waya. Motocinmu yawanci sun bi ta hannu da yawa kafin su zo hannunka. Wani ya canza kan batir, wayar da ya samu ita ya saka, sai ka tarar da jar waya a inda baƙa ya kamata ta kasance. Ga ƙurar hunturu ta rufe alamar. Wani Alhaji da muke mutunci da shi ya kira ni wata rana daga wajen Hotoro, ya ce, "Ɗana, ina maƙalawa sai na ji tas, yanzu ko fitilar dashbod ba ta kawowa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka duba alamar kuwa?" Ya ce ai ja da ja ya haɗa. Shi ya yi sa'a, babban fiyus ne kawai ya tsaya masa. Wanda bai yi sa'a ba, altaneta ce ke ƙonewa, wato na'urar da ke cajin batir in inji yana aiki, ko kwamfutar motar da muke ce wa birenbos, kuma kuɗinta ya ninka na batir. Ka sa tsumma ka goge saman batirin har ka ga + da − da idonka. In dare ne ka haska da waya. In alamar ta goge, kan + ya ɗan fi na − kauri.

Akwai kuma maɓallin ƙarfin wuta, volt 12 da 24, da ke jikin manyan cajoji. Ƙananan motoci da ƙananan bas da Adaidaita Sahu duk 12 ne. Tifa da tirela su ne yawanci 24, batir biyu a jere. Wanda ya yi amfani da cajar kafin kai yana iya barin ta a kan 24, don haka ka duba duk lokacin da za ka jona. Masu haɗa batir biyu a jere su danna wa ƙaramar mota wai don ta tashi da ƙarfi, wannan ba gwaninta ba ce, ganganci ne da dukiyar mutane.

Yanzu ga wanda muke yawan sa-in-sa a kansa da abokan sana'a, har da waɗanda suka girme ni. Mota ta ƙi tashi, sai a aro batir mai kyau a saka, ta tashi, sannan a cire shi tana cikin aiki a mayar da mataccen. Ko kuma a zare kan batir inji yana juyawa, wai in motar ba ta mutu ba to altaneta lafiya lau. Za su ce maka tun suna yara haka suka ga ana yi. Gaskiya ne, an yi. Amma a kan Fijo 504 da Bitil aka yi, motocin da ba su da kwamfuta. Batir ba rumbun wuta ne kawai ba, shi ne ke danne wutar altaneta ya hana ta tsalle. Da ka zare shi, wutar tana iya haurawa nan take fiye da abin da kayan motar za su ɗauka. Wani lokaci ba a ranar za ka ga illar ba. Bayan mako biyu giya ta fara fizga, ko fitilar gargaɗi ta kama, a yi ta neman dalili. Ƙaramar mitar auna volt ta wadatar wajen wannan gwajin. Inji a kashe, cikakken batir zai nuna kusan 12.6. In ya nuna 12.2 ya sha rabi. Inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. In ka ga 12 da ɗoriya kawai, altaneta ba ta caji, kuma ko sabon batir ka saka kwana kaɗan zai yi.

Sai gaggawa. Tun da wuta ba ta da tabbas, mutum yana so a cika batir cikin awa ɗaya kafin a ɗauke, sai ya murɗa caja zuwa ƙarshe. Ƙa'idar da muke bi mai sauƙi ce: ka duba lambar Ah da ke jikin batirin, wato yawan wutar da yake iya ɗauka, ka ba shi amfiya kashi ɗaya cikin goma na lambar. Mai 75 ya samu amfiya 7 zuwa 8, mai 60 ya samu 6. Idan ya mutu sosai, sai ya kwashe awa goma ko fiye. Batirin babur ɗan mitsitsi ne, amfiya 1 ma ta yi masa yawa, amma sai ka ga an jona shi a cajar mota har ya kumbura kamar burodi. Kana caji ka riƙa ɗora hannu a gefen batirin. Ɗumi ba komai, amma in ya yi zafi, ko ka ji yana tafasa da ƙarfi, ko warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, kashe daga soket, kada ka taɓa maƙalan tukuna. Tsofaffin cajoji ba sa tsayawa da kansu, don haka ba a barin su su kwana. Haka ma ramin 12 da ke jikin ƙananan janareto: yana fitar da mutum kunya na ɗan lokaci, amma bai san batir ya cika ba. Batirin da aka rubuta AGM ko GEL a jikinsa kuwa yana son caja mai saitinsa.

Batirin da ya tsage, ko yake yoyo, ko ya kumbura, ba a cajinsa, ba a ja masa wuta. Kai wa masu sayen tsoho, su rage maka kuɗin sabo.

Saitin tayar da inji da ke jikin babbar caja na daƙiƙoƙi ne, ba na caji ba. Wuta ce mai yawa take turowa a lokaci ɗaya. Abin da ya fi shi ne ka fara ba batirin caji na minti biyar zuwa goma, sannan ka koma saitin tayarwa, ka murɗa makulli kamar daƙiƙa biyar. In ba ta tashi ba ka saki, ka bari na'urar da kik, wato abin da ke juya inji ya tashi, su huce na wasu mintuna. Takardar da ta zo da na'urarka ta faɗi nata lokacin, shi za ka bi. Sau uku ka gwada ba ta tashi ba, to ka haƙura, mai yiwuwa matsalar ba ta batir ba ce. Wataƙila famfon mai ne, ko kik ɗin kansa, ko kan batir ne ya yi sako-sako. Na sha zuwa in tarar an ƙona kik a kan motar da mai ne ya ƙare mata. Kuma kafin ka murɗa, ka tabbata giya tana kan P ko firi, an ja birkin hannu, an kashe AC da rediyo da fitilu, wayoyin kuma ba sa kusa da fanka ko bel. Mai babbar riga ya naɗe hannunsa.

Ƙananan na'urorin nan masu kama da abin cajin waya suna da amfani ƙwarai, musamman ga mata masu tuƙa mota otomatik, wadda ba ta tashi da turi. Amma batirin litiyom ne a cikinsu, kuma shi da zafi ba sa ga maciji. A Kano, inda bazara ke haura digiri 40 a inuwa, motar da aka kulle a rana tanda ce. Kada a bar na'urar a kan dashbod. In ta fara kumbura, a daina amfani da ita. A riƙa cajinta duk bayan wata uku ko da ba a taɓa ta ba, in ba haka ba ranar da ka maƙale a Ɗangi ko Kurna za ka ciro ta ka tarar ita ma ceto take nema.

Bayan mota ta tashi, mutane suna ɗauka an gama. Tafiya daga Zoo Road zuwa Bata cikin cunkoso, AC na aiki, ba za ta cika mataccen batir ba. Ta mayar masa da ɗan abin da zai tashe ka gobe, wataƙila. Batirin da ake bari rabi-rabi kuwa farantansa daskarewa suke yi, har ya daina karɓar caji. In ya mutu murus, ka ba shi cikakken caji a hankali a daren nan.

Maganar ruwa kuma: in batirinka mai murafu ne, ka buɗe kafin caji ka leƙa. Ruwa ya rufe farantan, amma kada ka cika shi fal, domin yana tasowa in ya ɗau ɗumi. Tataccen ruwan da ake sayarwa don batir shi ake zubawa. Ban da fiyawata, ban da ruwan rijiya ko na burtsatse, gishirin da ke cikinsu yana kashe batir. Kuma ba a ƙara asid. Ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa. Ruwan kanwa da tsohon buroshi suna wanke shi tas, ka dai kula kada ya gangara cikin ramukan.

In za ka kwance batir daga mota, kan − ake fara kwancewa, shi ake ɗaurawa a ƙarshe. Cire zoben azurfa da agogon ƙarfe. Sifana in ta haɗa kan + da jikin mota ja take yi nan take, zoben da ke yatsanka ma haka. Kada ka ɗora ƙarfe a saman batir, kada ka leƙa da fuskarka a kansa lokacin da kake maƙalawa, kuma ko tabarau na masu walda mai farin gilashi ne ka saka.

Idan tsautsayi ya gitta ruwan batir ya shiga ido, ba a murzawa, ba a ɗiga madara ko man ja ko kwalli, ba a kuma sa ruwan kanwa. Ruwa mai tsabta za a yi ta kwararawa, ido a buɗe, minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a wuce asibiti kai tsaye ko da zafin ya lafa. A jiki ma ruwa ne, a tuɓe rigar da ta jiƙe. Ranar da batirin nan ya fashe wa yaron, buta ɗaya ce muka samu da ruwa a duk layin, sai da aka ruga aka tare mai garuwa. Tun daga ranar, jarka cike take zama a gindin cajata, kuma yara sun san ba ta alwala ba ce.