Yadda ake bambance tafasa da rai-ɗore

Daminar bara na aiki jikata Kano ta tsakiya, can gindin badala wajen Ƙofar Na'isa, ta tsinko mini tafasa zan yi kwaɗo. Ta dawo da leda cike, na juye a faranti sai na ga kusan rabi rai-ɗore ne. Na ce, "'Yar nan, wannan fa?" Ta ce, "Hajiya, ai furensu iri ɗaya ne." Gaskiyarta. Ni ce ban taɓa zaunar da ita na nuna mata ba, alhali ni kakata sai da ta tsugunar da ni a bakin kududdufi ta sa na riƙe kowanne da hannuna.

Abu na farko, ka rabu da furen. Dukansu ruwan ɗorawa ne, fala-falai biyar, kuma lokaci ɗaya suke buɗewa, daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba. 'Yan gida ɗaya ne. Masana tsirrai a da suna kiransu Cassia, daga 1982 aka mayar da su ƙarƙashin Senna: tafasarmu Senna obtusifolia, rai-ɗore Senna occidentalis. Wanda ya tsaya kallon fure zai daɗe bai raba su ba.

Ganye za ka kama, kuma da safe, domin da yamma tafasa kan naɗe ganyenta ta yi barci. Ka tsinko hannu guda daga jikin kara ka ƙirga ƙananan ganyen da ke jere a kansa. Na tafasa shida ne, uku nan uku can. Na sha ƙirgawa tun ina yarinya, da wuya ka ga ya wuce haka. Kowanne siriri ne a gindi, ya faɗaɗa a sama, bakinsa a zagaye kamar cokali, biyun ƙarshe sun fi sauran girma. Na rai-ɗore yakan kai takwas ko goma, har ya wuce, kuma bakinsa tsini gare shi kamar kan mashi. Korensa ya fi duhu, karansa yakan yi jaja-jaja. Wannan kaɗai ya isa a mafi yawan lokuta.

Inda ake ruɗewa shi ne suna ƙanana, farkon damina, lokacin da tafasa ta fi daɗin ci kuma ganyen rai-ɗore bai gama yin tsini ba. A nan ne alamar da na fi yarda da ita take aiki. Kowannensu yana da wani ɗan tsiro kamar ƙurji a hannun ganyen, sai dai ba wuri ɗaya ba. A tafasa yana tsaye tsakanin ƙananan ganye biyu na farko, siriri kamar kan allura. A rai-ɗore kuwa yana can ƙasa, dab da inda hannun ya haɗu da kara, kumburarre ne mai duhu, kamar an ɗiga ƙwayar gero. Ka shafa da farce za ka ji shi. Mai raunin ido irina ya ɗauki hoto da waya ya buɗa shi, haka nake yi yanzu. Na fi son wannan alama da kowacce domin ba ruwanta da ƙasa mai taki ko busasshiya, ba ruwanta da inuwa ko rana.

Wasu za su ce maka ka murza ka sansana. Rai-ɗore ya fi wari, haka ne, amma ita ma tafasa ɗanya ba ƙamshi take ba, shi ya sa ake dafa ta a zubar da ruwan kafin a zuba ƙuli-ƙuli. Ban yarda a saki yaro da hanci kaɗai ba.

Idan kaka ta yi, daga Oktoba, ko daga nesa ka san su. Kwanson tafasa dogo ne siriri, yakan kai taƙi, ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje. Na rai-ɗore ya fi gajarta, a baje yake, yana kallon sama, tsakiyarsa duhu gefunansa haske. Ka fasa su a tafin hannu: 'ya'yan tafasa masu kusurwa ne kamar an yanka su a karkace, suna sheƙi. Na rai-ɗore a shafe suke kamar 'yan maɓallai, ba sheƙi.

A nan nake son iyaye su saurare ni. 'Ya'yan rai-ɗore ɗanye guba ne. Suna illa ga awaki da shanu da kaji idan suka ci da yawa, kuma a arewacin Indiya likitoci sun danganta mutuwar ƙananan yara da cin su, suna lalata hanta da tsoka. Na san mutanenmu na dafa ganyensa don zazzaɓi, masu magani a Kasuwar Kurmi sun san shi sarai, amma wannan daban, barin yaro yana wasa da kwansonsa yana kaiwa baki daban. Masu tara 'ya'yan tafasa don sayarwa su ma su tsince da kyau. Ana fitar da wani garin kaurara abinci daga cikinsu, kuma dokar Turai ta ce rai-ɗoren da ke gauraye a ciki kada ya kai kashi 0.05 cikin ɗari.

Akwai na ukunsu, filasko, amma shi ba ya tsayi, a ƙasa yake bajewa, ganyensa da toka-toka, kwansonsa gajere mai faɗi a lanƙwashe. Maganin wankin ciki ne, ba ya shiga kwaɗo.

Dabarar nan ta duba kwanso tana yi wa sauran 'yan'uwan juna. Karkashi da riɗi furensu ya yi kama, amma kwanson karkashi ƙaho biyu gare shi a kusurwoyi, na riɗi baki ɗaya a tsakiya. Gasaya kuwa ita ce furenta ke taimako: fari ne mai dogayen gashi, 'yar'uwarta mai danƙo a hannu nata ruwan ɗorawa.

Jikar tawa na koma da ita wurin washegari da sassafe. Na sa ta tsinko hannu ɗaya-ɗaya ta ajiye su gefe da gefe a kan zanena, ta ƙirga, ta nemo ƙurjin da farcenta. Bana ita ke tsinko mini, sai dai na hana ta bakin kwata da bola, inda tafasa ta fi yin kyau kuma ta fi ƙazanta.