Yadda Ake Auna Juriyar Tsokokin Kugu da Ciki

Duk wanda ya taɓa tura keken dattijo tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, tafiyar da ta haura kilomita 3, ya san ba hannu ke fara gajiya ba, kugu ne. Tsokokin ciki, kwiɓi da gadon baya su ke riƙe da gangar jiki, shi ya sa masana wasanni suka fi damuwa da daɗewar da suke yi suna aiki, ba ƙarfin lokaci guda ba. Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya haɗa. Benci, katako, darduma, agogon waya da aboki ɗaya sun wadatar. A zafin Makka ko Jidda, gara a bari sai bayan isha'i.

Fara da baya. Kwanta rub da ciki a benci, ƙashin kugunka daidai bakinsa, daga nan zuwa kai yana waje. Aboki ya danne maka ƙafafu, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka miƙe sambal. Da zarar kafaɗu sun fara sunkuyawa, a tsayar da agogo. Likitan Denmak Biering-Sørensen ne ya bayyana wannan a 1984, kuma ba a wuce daƙiƙa 240.

Ka huta minti biyar, sai ciki. Zauna a darduma, gwiwoyi a lanƙwashe, ka jingina da katakon da aka karkata digiri 60. Aboki ya taka maka yatsun ƙafa, a ja katakon baya santimita 10, kai kuma ka tsaya a yadda kake ba tare da jingina ba. Bayanka na taɓa shi, an gama.

Na kwiɓi kuwa, kwanta ta gefe, ka dogara da gwiwar hannu, ka ɗaga kugu har jiki ya zama kamar sanda. Dama daban, hagu daban. A nan samari ke maguɗi: kugu ya sauka tun tuni, mutum na rantsuwa bai motsa ba. Mai riƙe agogo kada ya ji kunyar kowa.

Yanzu lissafi, wanda a ganina ya fi gwajin kansa amfani. Ba wanda ya fi daɗewa ne gwani ba. McGill ya ce lokacin ciki kada ya zarce na baya, na kwiɓi kada ya kai kashi 75 cikin 100 na baya, kuma tazarar dama da hagu kada ta wuce kashi 5. A ce ka yi daƙiƙa 90 a dama, 60 a hagu: ɓangare ɗaya na ɗaukar kayan ɗan'uwansa, sai ka karkata atisaye can.

Rubuta lambobinka, ka maimaita bayan wata ɗaya ko biyu a benci guda, lokaci guda. Kada ka riƙe numfashi. In kuma ka ji zafi mai sara, ko yana gangarawa ƙafa, sauka nan take ka nemi likita.