Yadda Ake Amfani da Kalmar "Cheap" Ba Tare da Zubar da Darajar Haja Ba

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya fara tallata hajarsa da Turanci a WhatsApp, idan yana son ya ce kayansa na da sauƙin kuɗi, kalmar da ke fara zo masa ita ce "cheap". Bai yi kuskure ba, domin ma'anarta ta farko ke nan, wato araha, kuma asalinta ma daga kasuwa yake: a tsohon Turanci "ceap" na nufin ciniki, shi ya sa har yau akwai titi a Landan mai suna Cheapside, inda tsohuwar kasuwar birnin take ci a da.

Sai dai kafin ka rubuta ta a kan kayanka, ka san cewa Bature yana jin wata ma'ana a bayanta, irin wadda Bahaushe ke nufi da araha ba ta ado. Idan aka ce shadda "looks cheap", ba farashinta ake yabo ba, ana nufin ido kaɗai ya nuna cewa wanki biyu za ta yi ta koɗe. Saboda haka mai atamfa da ya rubuta "cheap materials" ya kushe hajarsa da bakinsa. Abin da ya fi dacewa shi ne "affordable" ko "inexpensive", domin su sauƙin kuɗin kawai suke nunawa, ba sa taɓa ingancin kaya. Wajen farashi kuwa a ce "low price", ya fi "cheap price" tsabta a rubutu.

Inda kalmar take da amfani sosai shi ne wajen kwatance. Mai sayen sukari da ya zaga kasuwar Singa zai ce na wannan shago "cheaper" ne, na wancan kuma "cheapest", ba a cewa "more cheap". Idan arahar ta kai kamar a kyauta, sai a ce "dirt cheap".

Game da mutum, shawarata ita ce a guje mata gaba ɗaya. A Amurka, wanda aka kira "cheap" marowaci ne, mai noƙe hannu idan an zo biyan kuɗin abinci, kuma idan aka jefi mace da ita zagi ne da ke taɓa mutuncinta.

Saura furuci, wanda a nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. A ja wasalin kamar yadda ake jan na farko a "kifi", in ba haka ba ta koma "chip". Sannan a rufe leɓɓa ruf a ƙarshe, domin harshenmu yakan mayar da "p" ta zama "f", sai ka ji mai shago yana son ya ce takalmi na da araha amma ya kira shi "chief".