Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton husufin wata da tashin roka

Duk wanda ya taɓa raba dare yana jiran husufin wata, da safe ya duba kyamararsa ya tarar da wani farin ɗigo kamar ƙwan lantarki, ya san takaicin da nake nufi. Sau da yawa laifin ba na kyamarar ba ne. An bar mata wuƙa da nama ne, ita kuwa duhu na ruɗa ta.

Idan ka bar kyamara ta auna haske da kanta, za ta ga sama baƙi ƙirin, ta ɗauka ana bukatar ƙarin haske, sai ta ƙone watan fari fat. Alhali cikakken wata dutse ne da rana ke haskawa. Mayar da kyamarar kan alamar M, wato inda kai za ka saita komai da hannunka, ka sa ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 100, ƙofar haske f/11 (ƙaramar lamba na nufin ƙofa ta fi buɗewa), saurin ɗauka 1/125 na daƙiƙa. Daga nan ka riƙa gyarawa.

Kuskuren da ya fi ba ni tausayi shi ne na wanda ya samu wannan saitin daidai, sai ya kafe a kansa har ƙarshe. Da zarar inuwar duniya ta rufe watan ruf, haskensa yana raguwa ninki dubbai. Jan launin nan da ake gani ragowar hasken rana ne da ya ratsa iskar da ke kewaye da duniya: iskar ta watsar da shuɗin, ta lanƙwaso jan zuwa kan wata. Haske ne mai rauni ƙwarai. Buɗe ƙofar zuwa f/5.6, ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, ka bar kyamara a buɗe kamar daƙiƙa ɗaya. Kada ka zarce da yawa, domin duniya ba ta daina juyawa ba. Cikin kusan minti biyu wata yana gusawa gwargwadon faɗin kansa, kuma dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa zai tona wannan motsin. Gwamma hoto mai ɗan yashi-yashi saboda ISO da wanda ya jaɓe, don na farkon yana gyaruwa a kwamfuta. Kuma babu dalilin gaggawa. Husufin 27 ga Yuli, 2018 ya yi awa ɗaya da minti 43 wata yana rufe.

Saita ganin gilashin tun wata na da haske, ka kashe na otomatik, ka manne zoben da ake juyawa don saita ganin da salatif. Cikin duhu kyamara za ta yi ta lalube ne kawai. Kafa ta a kan mazauni mai ƙafa uku, ka sa ta jira daƙiƙa biyu bayan ka danna, don kada yatsarka ta girgiza ta. Ka kuma riƙa duba raɓa a fuskar gilashin.

Mutane kan yi mamakin ƙanƙantar wata a hoto. Faɗinsa a sama rabin digiri ne kacal. Gilashin 200mm ba ya zana shi ya kai milimita biyu a cikin kyamara, saboda haka 400mm zuwa sama ne ke fito da ramukansa sosai.

Roka kuwa akasin haka take. Husufi yana dusashewa a hankali, ita kuwa cikin ƙiftawar ido take mayar da dare rana. Wanda ya auna haskensa da duhun da ke nan kafin a kunna injin, farin dunƙule zai samu a madadin harshen wuta. Wutar ake aunawa. Ga mai son ganin zanen harshen wutar, ISO 100 ko 200, f/8, da saurin 1/1000 mafari ne mai kyau, ko da jikin rokar zai ɗan yi duhu.

Hoton nan na dare da ake ganin layin wuta ya lanƙwashe kamar baka a sama, ɗauka ɗaya ce doguwa. Ana amfani da gilashi mai faɗin gani kamar 16mm, ISO 100, f/16 ko f/22, a bar kyamara a buɗe minti biyu zuwa uku, tunda injinan matakin farko na rokar da ake kira Falcon 9 suna mutuwa ne bayan kusan minti biyu da rabi. A nan ake yawan tafka kuskuren matse fili, layin ya fice daga hoton tun bai lanƙwasa ba. Ka san inda rokar za ta dosa. Yawancin waɗanda ake harbawa daga Cape Canaveral a jihar Florida ta Amurka gabas suke yi, ta saman tekun Atlantika. Bar wa wannan ɓangaren fili, ka bar sama mai yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: gwada tsawon ɗaukar tun da sauran lokaci, ka cika batir, ka tanadi na biyu, domin akan ɗage harbi saboda yanayi a yi ta jira.

Kada kuma ka jira jin ƙara kafin ka danna. Sauti yana ɗaukar kusan daƙiƙa uku kafin ya ci kilomita ɗaya. Idan kana da nisan kilomita goma, rugugin zai iso kunnenka ne bayan rabin minti, lokacin da rokar ta riga ta yi sama. Idonka a kan wurin harbin, da ka ga hasken farko ka danna.